Hukuncin zaman yoga don samun natsuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina fama da ciwon baya da yawan tunani. A YouTube na ga ana koyar da wani zama na yoga: a harɗe ƙafafu, a ɗora kowace kan cinya, a sa hannuwa kan gwiwa, a rufe ido a riƙa jan numfashi a hankali. Wani lokaci mai koyarwar yakan ce a furta "Om". Ya halatta in riƙa yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya.

Zaman harɗe a karan kansa babu laifi a cikinsa, domin asalin al'adu halal ne har sai dalili ya zo da hani. Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir bin Samura cewa Annabi (SAW) idan ya sallaci Asuba yakan zauna a harɗe a wurinsa har rana ta fito sosai. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, wanda ya kasa tsayuwa a salla an so ya zauna a harɗe. Jan numfashi a hankali da miƙe gadon baya kuwa gyaran jiki ne, ba wanda ya hana.

Amma abin da kika kwatanta ya wuce harɗe ƙafa. Yoga daga Indiya ta fito, daga cikin addinin Hindu, kuma asalin manufarta ibada ce: mutum ya horar da jikinsa da zuciyarsa har ransa ya haɗe da abin da suke bauta wa. Wannan zama suna ce masa padmasana, shi ne zaman da ake sassaƙa gumakan Buddha (wanda ya kafa addinin Buddha) da Shiba (ɗaya daga cikin allolin Hindu) a kansa. "Om" kuwa kalma ce mai tsarki a wurinsu, da ita suke buɗe addu'o'insu. Musulmi ba ya furta ta, ko da an gaya masa don sautin ya ratsa ƙirji ne kawai. Annabi (SAW) ya ce: "Wanda ya kamanta kansa da wasu mutane, to yana cikinsu." Ki duba yadda aka hana mu nafila lokacin fitowar rana da faɗuwarta saboda lokacin ne masu bauta mata suke sujada, alhali mai sallar Allah yake nufa. Ashe kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wanke kamanceceniya a sha'anin ibada.

Malaman ƙasashen da abin ya yi yawa sun yi magana. A shekarar 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga. A farkon 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: ta haramta wadda aka cakuɗa da ambato da bautar Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Wannan rarrabewar ita na fi karkata gare ta, don ta ajiye kowane abu a muhallinsa.

Saboda haka ki zauna yadda ya fi sauƙi ga bayanki, ki ja numfashinki. Ki bar "Om" da duk wata kalmar da ba ki san ma'anarta ba. Ki bar haɗa babban yatsa da manuniya a kan gwiwa, domin alama ce ta addininsu. Haka jerin motsin da suke kira gaisuwar rana, kada ki kusance shi. Idan mai koyarwa ya fara zancen buɗe wasu ƙofofi na ruhi a jiki ko haɗewa da halitta, to ya shiga aƙida, ki kashe bidiyon.

Idan kin zauna kika yi tasbihi ko istigfari, madalla, Allah ya yabi masu ambatonsa a tsaye da zaune da kishingiɗe, a Suratu Ali Imrana aya ta 191. Sai dai kada ki ƙudurta cewa wannan zaman yana ƙara wa zikiri lada, wannan ƙirƙira ce a addini. Kuma cusa ƙafa kan cinya da ƙarfi yakan lahanta gwiwa ga wanda bai saba ba, don haka ki ga likita kan ciwon bayan naki.

Wallahu a'alam.