Tsutsa da Wari a Kwandon Shara: Likita na Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, kullum muna fitar da shara, amma duk da haka sai mu wayi gari tsutsa fal a ƙasan kwando, har tana rarrafowa tsakar kicin. Daga ina take fitowa? Wata uwa, unguwar Hindawiyya, Jidda.

Amsa: Hajiya, ba abincin ne ke haifar da tsutsa ba, ƙuda ne ya rigaye ki. Macen ƙuda na saka ƙwai 75 zuwa 150 a zama ɗaya, kuma a zafi da gumi irin na Jidda ƙwan kan ƙyanƙyashe kafin ya cika kwana guda. Ragowar kazar da kika zuba bayan azahar tana iya zama gidan tsutsa kafin gari ya waye. Tsutsar kan ci kwana 3 zuwa 5, sannan ta bar danshi ta nemi busasshen wuri, shi ya sa kike ganinta a ƙasa. Can take rikiɗa ta zama wani abu ruwan ƙasa mai kama da ƙwayar shinkafa, daga cikinsa sabon ƙuda ke fita. Duk zagayen bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba.

Ki ɗaure ledar ki fitar da ita tukuna. Ki kai kwandon banɗaki ko tsakar gida, ki kwarara masa tafasasshen ruwa, nan take tsutsar za ta mutu. In robar siririya ce, ki bar ruwan ya ɗan huce kada ta lanƙwashe. Ki wanke da omo da burushi, har da leɓen murfi da ƙarƙashinsa, don a nan ƙwai ke maƙalewa. Sai ki haɗa kofi 1 na Clorox (ruwan bilic) da kofi 9 na ruwan sanyi, ki jiƙa cikin da shi na minti 10, ki ɗauraye, ki kife a rana ya bushe ƙayau. Abin da akasari ake mantawa shi ne share ƙarƙashin kwandon da bayan kabad. Muddin waɗancan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa suna nan, bayan 'yan kwanaki za ki koma gidan jiya.

Tambaya: Bayan Layya warin kwandonmu ya ƙi tafiya, turaren wuta ma ya gaza. Na ji an ce a haɗa Clorox da Flash. Magidanci, Shara Mansur, Makka.

Amsa: Alhaji, don Allah kada ku kuskura. Flash na wankin masai asid ne, da zarar ya gamu da Clorox sai iskar kulorin ta tashi, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Haɗa Clorox da khal, wato ruwan tsami na binega, ma haka yake. A ƙaramin banɗaki marar taga, mai asma ko yaro na iya galabaita cikin 'yan mintuna. In an riga an shaƙa, a fita iska, a buɗe tagogi, a wanke ido da ruwa mai yawa. In tari ya ƙi tsayawa ko numfashi ya yi wuya, a kira motar asibiti a 997.

Shi wari aikin ƙwayoyin cuta ne da ke cin jini da romo a wurin da iska ba ta shiga, turare kuwa lulluɓe shi kawai yake yi. Maganinsa hana danshi. A tsane miya da ruwan shinkafa kafin a zuba, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali ƙarƙashin leda, a barbaɗa cokali 2 ko 3 na garin bekin soda (baking soda). Kayan ciki, ƙashi da ƙayar kifi a ɗaure su a leda biyu a ajiye a firiza, sai lokacin da za a kai su babban kwandon baladiyya, wato hukumar gari. In robar ta tsufa ta yi zane-zane, wari ya shige ta, ku sayi sabo mai murfin da ake takawa da ƙafa. In kuma kwandon layinku ne ya cika ba a kwashe ba, lambar ƙorafin baladiyya 940 ce.

Tambaya: Na tarar da ɗana mai shekara 2 yana wasa da tsutsa, ina zargin ya sa ɗaya a baki. Wata uwa, Madina.

Amsa: 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, yawanci asid ɗin ciki na kashe ta. Abin lura shi ne ƙazantar da ta kwaso, domin ƙuda na yaɗa ƙwayoyin atuni da taifot da gudawa. Ki wanke masa hannu da sabulu, ki kurkure masa baki, kada ki sa shi amai. Ki sa ido kwana 3. In ya fara gudawa ki ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, amma in kika ga jini a kashi, zazzaɓi, yawan amai ko ƙarancin fitsari, sai asibiti. Tsutsar ƙudan gida ba ta huda lafiyayyar fata. Wanda ake ji wa tsoro shi ne mai buɗaɗɗen miki, kamar tsoho mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, shi kam a riƙa rufe masa mikin.

Tambaya: Ko in riƙa fesa maganin ƙwari a cikin kwandon kullum? Ɗalibi, Jidda.

Amsa: Ɗan uwa, feshi na kashe ƙudan da ke tashi, ba ya isa ga tsutsar da ke ƙarƙashin shara, kuma kai ne za ka shaƙa. Murfi mai rufuwa ruf da fitar da shara kowane dare sun fi shi aiki. Ka nisanci ƙwayar Phostoxin, maganin ƙwarin rumbun hatsi da ake sayarwa a ɓoye, ba ta gida ba ce, iskarta na kisa har a ɗakin maƙwabci. Kuma kada ka bar ruwa ya kwanta a murfi ko a ƙasan kwando, domin tun 1994 ake samun zazzaɓin dengi a Jidda, kuma sauron da ke kawo shi ɗan ruwan da ya taru a gwangwani ma ya ishe shi hayayyafa.