Kafin Ka Zaunar da Yaro Gaban Kwamfuta Ya Yi Zane

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya. Ka ce matar yayanka na so ka riƙa koya wa yaranta biyu zane a kwamfuta duk ranar Asabar, ɗaya shekararsa 6, ɗaya 9, kuma maƙwabta sun ji labari, su ma za su turo nasu. Ka ce ko ka buɗe musu CorelDRAW ɗin da muke haɗa katin biki da ƙyallen talla da shi, ko kuwa ka miƙa musu wayarka su sauke manhajar da ta yi musu. Kiran Magariba ya hana ni ba ka amsa. Jawo kujera ka ji.

Ko ɗaya daga ciki kada ka yi.

CorelDRAW kayan aikin mai neman abinci ne. Kai da hankalinka, wata nawa ka yi kafin ka iya lanƙwasa layi yadda kake so? Ɗan shekara 6 in ya ga tulin maɓallan nan, ko ya tsorata ya janye hannu, ko ya yi ta danne-danne har ya goge mana aikin mutane. Abin da za ka saka musu shi ne Tux Paint. Tun 2002 aka fitar da ita, don yara 'yan shekara 3 zuwa 12 aka yi ta, kyauta ce, ba talla a ciki, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ta ƙara neman data. Maɓallanta manya ne, kusan duk abin da yaro ya taɓa sai ya yi ƙara, kuma in zai ajiye zanensa ba ta tambayarsa suna ko wurin ajiya. Tsohuwar kwamfutar can ta lungu za ta ɗauke ta. Shi kuma ɗan shekara 9, in ya yi wata guda hannunsa ya faɗa, ka gwada shi da Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta yi ta don 'yan shekara 8 zuwa 16. Yaro zai zana abu da kansa sannan ya sa shi tafiya ko juyi, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba intanet.

Wayarka kuwa, tuna abin da ke cikinta. Hotunan amaren da aka turo mana don kati suna nan, saƙonnin banki suna nan, WhatsApp a buɗe. Amanar mutane ce. Ga kuma manhajojin zane na kyauta da ke cike da talla. A benci ɗin nan da kake zaune na taɓa ganin ɗan wani mai kawo mana aiki yana shafa launi a wayar babansa, sai talla ta rufe fuskar wayar gaba ɗaya. Ya kai yatsa zai rufe ta, sai ga shi a shafin caca. Uban na tsaye a nan muna ciniki, bai ma sani ba sai da na taɓa shi. Yaron bai yi laifin komai ba, an tsara tallar ne don yatsa ya kuskure.

Saboda haka duk abin da za ka sauke, ka sauke shi kai kaɗai tun daren Juma'a, ka buɗe ka gwada kowane maɓalli. Safiyar Asabar, kafin yaro na farko ya shigo, ka kashe intanet ɗin kwamfutar. In dole sai an yi da waya, ka sa ta a yanayin jirgin sama, sannan ka kafe manhajar. A wayoyin Android akwai wurin da ake yin haka cikin saitin tsaro, ta yadda yaro ba zai iya fita zuwa wani wuri ba sai da lambar sirri.

Sai maganar zama, wadda ta fi ta manhaja nauyi a wurina. Juya teburin fuskar kwamfutar ta kalli ƙofa, ƙofar kuma a buɗe. Kada ka taɓa keɓewa da yaro ɗaya, mace ko namiji. A turo su da yaya ko wani babba daga gida, ko aƙalla su kasance su biyu zuwa uku, ni ma ina nan gaban shago. Wannan kariya ce gare su, kariya ce gare ka. Kuma zama kusa ba ya nufin kana gefe kana latsa waya. Idonka na kan abin da suke yi.

Ga inda na san za ka sha wuya: hannunka. Za ka ga yaro ya zana gida, ƙofar ta fi bangon tsawo, sai ka ji yatsunka na ƙaiƙayi ka karɓe maus ɗin ka gyara. Kada ka karɓa. Ranar da ka gyara masa, zanen ya zama naka, shi kuma ya koyi cewa nasa bai isa ba, gobe zai naɗe hannu ya jira ka. Nuna masa abu ɗaya kawai da wuri, wato maɓallin komawa baya. Yaron da ya gane kuskure na gogewa da dannawa ɗaya ba ya tsoron jan layi. Daga nan sai tambaya: wane ne a cikin gidan nan, me ya sa ka zaɓi ja? Za ka sha mamakin labarin da zai ba ka.

Ka fara su da abin da idonsu ya saba gani. Dagin Arewa, zanen hular babansu, lallen hannun amarya, zayyanar allon sauka, ko irin adon bangon Gidan Makama. A Tux Paint akwai wani kayan aiki da in ka ja layi a dama sai ya fito da irinsa a hagu, kuma da shi yaro ƙarami ke fitar da dagi mai kyau cikin minti kaɗan. Batun zanen abu mai rai, ka tambayi iyaye tun ranar farko. Akwai gidajen da ba sa so, kuma ba aikinka ba ne ka tsaya musu da su. Bishiya, adaidaita sahu, hasumiyar masallaci da kwale-kwale sun ishi yaro wata da watanni.

Kada zaman ya yi tsawo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana zaune gaban waya ko talabijin. Ni dai kada ka karɓi wanda bai kai 5 ba. Manyan ma, minti goman farko a takarda da fensir, sai kamar rabin awa a kwamfuta, a tsakiya su tashi su leƙa waje ido ya huta.

Abu na ƙarshe, na san ranka zai so ka ɗauki hoton yaro riƙe da zanensa ka ɗora a Facebook don a san kana koyarwa. Kada ka yi sai iyayensa sun yarda, kuma ko sun yarda, zanen kaɗai ya isa: ba fuska, ba kayan makaranta, ba cikakken suna, ba unguwa. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ma ta ce bayanan yaro sai da iznin iyaye ko mai kula da shi. Kada kuma ka buɗe wa kowannensu shafi. Facebook da TikTok da Instagram duk sai shekara 13 suke yarda. In yaro na so a ga aikinsa, ga firinta nan. Ka buga masa a takarda mai kauri, ya rubuta sunansa da hannunsa a ƙasa, ya kai wa mahaifiyarsa. Kuɗin tawadar na yafe.

Tashi ka kakkaɓe kwamfutar can, ka kwashe duk aikin mutane da ke ciki zuwa filas. Gobe in ka shiga kasuwa ka nemo ƙaramin maus, wannan namu ya fi tafin hannun ɗan shekara 6.