Gyaran Hoto Kafin Ɗorawa a Intanet: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda ta WhatsApp, amma launin kayan ba ya fitowa daidai a hoto. Fari sai ya koma ruwan ɗorawa, har mai saye ta ce ba abin da ta gani aka kai mata ba. Ina mafita? (Wata 'yar kasuwa daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar tana farawa tun wurin ɗauka. Ƙwan fitilar ɗaki yana da nasa launi, kyamara kuma sai ta shafa wa kayan shi. Ki shimfiɗa atamfar a inuwa kusa da taga, da hantsi ko bayan la'asar, ki kashe fitila da filashin wayar. Ki goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa da ƙurar hunturu ne ke sa hoto ya yi hazo.

Kafin ki ɗauka, ki ajiye farar takarda a gefen kayan. Sai ki buɗe hoton a Snapseed, manhaja ce ta Google kuma kyauta ce. Ki shiga White Balance, ki taɓa alamar nan mai kama da abin ɗiga maganin ido, ki ja ta zuwa kan takardar. Da zarar manhajar ta gane ainihin fari, sauran launuka za su daidaita. Daga nan ki yanke takardar da Crop.

Shadda kuwa ƙyallinta ne ke cinye zanen jikinta. A cikin Tune Image ki rage Highlights sannu a hankali har zanen ya bayyana, ki ɗan ɗaga Shadows idan gefuna sun yi duhu. Saturation dai, wato mai ƙara ƙarfin launi, ki ƙyale shi kwata-kwata. Yana sa hoto ya burge, amma shi ne ke jawo a dawo miki da kaya. Kuma ki kashe tsarin kare ido na dare yayin gyara, don yana sa fuskar waya ta yi rawaya, ki yi ta gyara abin da bai lalace ba.

Tambaya: Hotona yana fes a wayata, amma da na tura sai ya dushe. Laifin netiwok ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Malam, netiwok ba ya rage kyan hoto. WhatsApp ne ke matse shi don ya yi sauƙin tafiya. Tun 2023 akwai alamar HD a sama idan ka zaɓi hoto, ka danna ta kafin ka tura. Idan kuma hoton na bugawa ne, kamar na biki da za a kai wa mai firinta, tura shi a matsayin Document, zai isa yadda yake. Sai dai a kula: ta wannan hanya bayanan da ke ɓoye cikin hoton suna binsa, har da wurin da aka ɗauka idan kyamararka tana adana wuri.

Kyan hoton JPEG, wato tsarin da yawancin hotuna ke ciki, yana raguwa duk lokacin da aka gyara aka sake adana shi, saboda haka ka riƙa gyara daga na asali. Wanda aka turo maka ko ka ɗauko daga fuskar waya ya riga ya sha matsa. Don sitatus, yanka shi a ma'aunin 9:16, wato faɗi pixel 1080, tsawo 1920. Na Instagram kuma 4:5, wato 1080 da 1350.

Tambaya: Shafin cike fom ya ƙi karɓar fasfo ɗina, wai ya wuce 50KB.

Amsa: Fara yanke hoton, ya rage kai da kafaɗu kawai. A kwamfuta mai Windows buɗe shi da manhajar Paint, danna Resize, zaɓi Pixels, sa faɗin ya zama 400, ka adana a matsayin JPEG. Yawanci wannan ya isa. In bai isa ba, koma 300. Idan da iPhone aka ɗauka, mai yiwuwa hoton a tsarin HEIC yake, ba JPEG ba, wanda shafuka da yawa ba sa karɓa. Shiga Settings, Camera, Formats, zaɓi Most Compatible, sannan a sake ɗauka.