Lafazin Birtaniya a kunnen Ba'amurke: amsa ga mai shirin tafiya karatu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na ga tambayar da ka jefo a wannan zaure, inda ka ce ka sami gurbin karatun digiri na biyu a Amurka, kuma wasu sun ba ka shawarar ka dage ka goge harshenka ya koma irin na Turawan Ingila kafin ka tashi, wai Amurkawa suna girmama mai wannan lafazi, suna yi masa kallon mai ilimi. Kana so ka san ko gaskiya ne, kuma ko abin ya cancanci wahalar. Allah ya sanya alheri a tafiyar. Ni na yi karatu a arewacin Ingila, daga baya aikin koyarwa ya kai ni tsakiyar Amurka, saboda haka zan faɗa maka abin da kunnena ya ji a ɓangarorin biyu.

Waɗanda suka ba ka shawarar ba ƙarya suka yi ba. Ba'amurke da yawa, musamman a garuruwan da ba su saba ganin baƙi ba, da zarar ya ji Baturen Ingila ya buɗe baki sai fuskarsa ta sake, ya ce masa yana son yadda yake magana, kuma nan take ya jingina masa ilimi da wayewa da ladabi tun kafin ya ji abin da zai faɗa. Na ga wannan a wurin aiki, na gan shi a kanti. Akwai wani abokin aikina ɗan yankin Birmingham, wanda a ƙasarsu lafazin garinsu yana cikin waɗanda aka fi yi wa dariya, har ana danganta shi da rashin kaifin basira, amma ɗalibanmu na Amurka suna jin sa kamar wanda ya tashi a fadar Buckingham. Shi kansa abin yana ba shi mamaki, ya ce sai da ya ƙetare teku sannan ya sami wanda ya yaba wa muryarsa.

Dalilin haka shi ne Ba'amurke na gama-gari lafazi ɗaya yake ji, alhali Birtaniya cike take da karin harshe kala-kala. Kamar baƙon da ya sauka ƙasar Hausa ne, wanda Kananci da Sakkwatanci da Zazzaganci duk Hausa ɗaya ce a kunnensa, ba ya jin abin da Bakano ke ji idan Basakkwace ya yi magana. Kai da kake kallon gasar Firimiya ka san yadda Jamie Carragher ɗan Liverpool yake magana ya sha bamban da yadda Alex Ferguson ɗan Glasgow yake yi, kuma dukansu biyun ba su yi kama da mai karanta labarai a BBC ba. Wannan lafazin na masu karanta labarai, wanda muke ce wa Turancin Sarauniya, shi ne Amurkawa suke nufi idan sun ce lafazin Birtaniya, kuma masanin harshe Peter Trudgill ya taɓa ƙiyasta cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na mutanen Birtaniya ke magana da shi. Rashin bambancewar ma ya wuce nan, domin sau da yawa na ga an tambayi ɗan Ostiraliya ko Baturen Afirka ta Kudu labarin Landan. Idan kuma karin harshen ya yi kauri, sha'awar takan ƙare a rashin fahimta. Gidajen talabijin na Amurka sukan rubuta maganar ɗan Sukotilan a ƙasan allo kamar wani yare yake yi, kuma a 2011 da aka cire mawaƙiya Cheryl Cole daga alƙalancin wata gasar waƙa a can, jaridu da dama sun ruwaito cewa lafazinta na Newcastle yana cikin dalilai.

Wannan girmamawar tana da tarihi, kuma tarihin ya nuna ba a kan daɗin sauti take tsaye ba. Babban abin da ya raba lafazin ƙasashen biyu shi ne harafin r da ke zuwa bayan wasali: yawancin Amurkawa suna furta shi, mutanen kudancin Ingila kuwa suna haɗiye shi. Lokacin da Turawa suka fara zama a Amurka a ƙarni na 17, Ingilan ma tana furta shi. A wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne haɗiye shi ya zama yayi tsakanin manyan Landan, sai garuruwan bakin teku da ke da hulɗar kasuwanci da Ingila, irin su Boston da Niyok, suka ɗauka. Har zuwa zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, manyan gidajen gabashin Amurka da taurarin finafinai haka suke magana, kuma idan ka saurari jawabansa za ka ji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai reshe ya juye da mujiya. A 1962 masanin harshe William Labov ya shiga manyan kantuna uku a Niyok yana tambayar ma'aikata inda ake sayar da kayan da ya riga ya san suna hawa na huɗu, don kawai ya ji yadda za su furta amsar, wato "fourth floor" mai ɗauke da r biyu, sai ya tarar ma'aikatan Saks, kantin masu hali, sun fi furta r, na S. Klein, kantin talakawa, sun fi haɗiye shi. Wato sautin da ke nuna girma a bakin Baturen Landan shi ne ke nuna talauci a bakin ɗan Niyok. Ba sautin ake girmamawa ba, hoton mutumin da ake zaton yana bayansa ake girmamawa, kuma wannan hoton talabijin ce ta zana shi, da wasannin kwaikwayon gidajen sarauta da tashar PBS ta daɗe tana kawowa daga Ingila, da bukukuwan auren 'ya'yan sarauta.

Hoton kuma yana da fuska biyu. Ƙasar da ta kafu a kan yi wa Sarkin Ingila tawaye a 1776 ba ta taɓa sakin jiki gaba ɗaya da muryar fada ba, shi ya sa a finafinansu mugu mai wayo, mai sanyin zuciya, wanda ke shirya makirci cikin natsuwa, sau da yawa da wannan lafazin yake magana. Abin ya zama sananne har kamfanin motar Jaguar ya gina tallarsa a kansa a wasan Super Bowl na 2014, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, ya jero 'yan wasan Birtaniya suna alfahari da iya fitowa a miyagu. A ofis ma na lura da irin wannan: lafazin da ke jawo yabo a ranar farko shi ne ake fassarawa da girman kai ko raini ranar da mai shi ya soki aikin wani. Ba'amurken da ya je Ingila ya dawo yana kwaikwayonsu kuwa, abin ba'a yake zama a tsakanin abokansa.

Duk wannan game da farar fata nake magana, kuma a nan gizo ke saƙar, domin kunne ba ya aiki shi kaɗai, ido yana taya shi. A 1992 wani mai bincike, Donald Rubin, ya kunna wa ɗaliban jami'a lacca ɗaya da wata 'yar jihar Ohio ta karanta, ya nuna wa wasu hoton Baturiya a matsayin mai maganar, wasu kuma hoton mace 'yar Asiya. Waɗanda suka ga hoto na biyu sun ce sun ji baƙon lafazi, kuma fahimtarsu ta laccar ta ragu, alhali murya ɗaya ce. Kai baƙar fata ne, ga sunanka na Musulmi, ga fasfo na Nijeriya, don haka kada ka ɗauka cewa abin da abokin aikina na Birmingham ya samu kyauta kai ma zai zo maka haka. Gaskiya ne baƙar fatan da aka haifa a Landan yakan sami wani sassauci idan ya yi magana, kuma 'yan wasa masu asali da Nijeriya irin su David Oyelowo da Chiwetel Ejiofor da John Boyega sun yi suna a can. Sai dai wannan sassaucin yana da ɗaci a cikinsa, domin ma'anarsa ita ce an ware mutum daga baƙaƙen fatan Amurka an ce shi daban ne, kuma su baƙaƙen fatan suna lura da haka sarai. Za ka zauna da su, za su zama abokan karatunka da maƙwabtanka a masallaci, kuma ban ga ribar fara zama da su da muryar da ba taka ba.

Ga kuma matsalar da ke cikin aron kansa. Babba da ya wuce shekarun ƙuruciya da wuya ya riƙe lafazin aro daga safe zuwa dare. Zai yi kyau a jimlolin farko, amma da gajiya ta zo, ko muhawara ta yi zafi a aji, sai na gida ya leƙo, a sami wani gauraye da ya fi kowanne daga cikin biyun wuyar ganewa. Kuma tambayar da ke biyo bayan yabo a kullum ita ce daga wane gari kake a Ingila.

Abin da na ga yana amfani shi ne a gane ka ba tare da wahala ba. Wani bincike da Shiri Lev-Ari da Boaz Keysar suka yi a Jami'ar Chicago a 2010 ya nuna masu sauraro sun fi shakkar gaskiyar magana idan lafazin mai faɗarta ya ba su wuyar ji, ko da an gaya musu cewa saƙon wani kawai yake isarwa. Idan kana son misali daga gida, nemi jawabin da Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi a Majalisar Dokokin Amurka a watan Yulin 1961 ka saurara. Babu shakka lafazinsa ya ɗauko da yawa daga malamansa na Kwalejin Katsina da zamansa na karatu a Landan, amma a ganina abin da ke kama mai sauraro shi ne natsuwarsa, yadda yake ba kowace kalma haƙƙinta, yake tsayawa inda ya kamata a tsaya. Wannan kowa yana iya koyonsa.

Turancin da muka koya a makaranta dama tushensa na Birtaniya ne, muna haɗiye r kamar su, kuma a nan ne Ba'amurke ya fi ɓacewa a maganarmu. Saboda haka gyaran da kake buƙata ya fi karkata zuwa wajen Amurkawa ne, ba zuwa Landan ba. Ka koyi fito da r a lambobi da sunayen tituna, musamman a waya, inda babu fuska ko hannu da za su taimaka. Ka bambance thirteen da thirty, fourteen da forty, ta wurin da kake ɗora nauyin kalmar, domin a kan wannan na ga an yi kuskuren kuɗi da na lokacin ganin likita. Mu Hausawa muna da namu wuraren na musamman, wato haɗa p da f, da mayar da th zuwa s ko z, kuma waɗannan biyun sun fi cancantar lokacinka fiye da duk wani kwaikwayon BBC. Idan ka nemi ruwa a gidan abinci aka kasa gane ka, t ɗin da ke tsakiyar kalmar water ce, su kusan kamar d suke furta ta.

Idan gurbin naka ya haɗa da taimaka wa malami wajen koyarwa, ka sani jami'o'i da yawa suna yi wa ɗaliban waje gwajin magana kafin su bar su su tsaya gaban aji, kuma abin da ake aunawa shi ne ko ɗalibi zai fahimce ka, ba ko ka yi kama da ɗan wata ƙasa ba. A fagen aiki kuma, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci saboda ƙasar asali, kuma hukumar da ke kula da ita ta bayyana cewa ba a hana mutum aiki don lafazinsa sai idan da gaske yana kawo cikas ga aikin. A rubutu ne kawai zan ce ka sauya gaba ɗaya: tun ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 Amurkawa suke da nasu tsarin rubuta kalmomi, malamanka za su ja layi a ƙarƙashin na Birtaniya, kuma a kwanan wata su wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka ka duba takardunka da kyau kafin ka cike kowane fom.