Fitsarin Hajiya ya ƙi riƙuwa, an rubuta mata maganin da aka gwada a kan ɓeraye

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekarunta 64, muna zaune a Ƙofar Sauri, Katsina. Takan tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare, alwalar azahar ba ta kai ta la'asar, wani lokaci kafin ta isa bayi ya zubo. Sau uku muna saya mata maganin sanyi a kemis, babu sauƙi. Yanzu a asibiti an rubuta mata oxybutynin, sai ƙanena ya ce ya gani a intanet wai a kan ɓeraye aka gwada shi. Hankalina ya tashi. Mu ba ta?

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ku ba ta. Ɓerayen ma su suka buɗe mana ido. Da ana ɗauka aikin maganin kawai shi ne hana tsokar mafitsara matsewa, ta hanyar toshe saƙon sinadarin acetylcholine da jijiyoyi ke aika wa tsokar. Da masu bincike suka riƙa cika mafitsarar ɓera da ruwa a hankali suna auna siginar jijiyoyin da ke kai rahoto zuwa lakar gadon baya, sai suka ga oxybutynin yana rage yawan saƙon "na cika" da mafitsara ke aikawa tun ba ta cika ba. An ga irin haka da mirabegron, wani maganin wannan larurar, wanda Amurka ta amince da shi a 2012. Ɓera dai ba mutum ba ne, shi ya sa aka gwada su a kan mutane kafin su shigo kasuwa, kuma oxybutynin yana hannun likitoci tun shekarun 1970.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "sanyi". Kullum sai na gamu da shi. Mace ta ce fitsari ya dame ta, mai kemis ya ɗauko mata ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko awon fitsari bai nema ba. Ranar kasuwa kuma mai lasifika ya sayar mata da gora ɗaya da ke maganin sanyi, basir da shawara duk a haɗe. Ga alama larurar Hajiya ta jijiya ce da tsoka, in haka ne babu ƙwayar cutar da za a kashe. Kowane zagaye na irin su ciprofloxacin koya wa ƙwayoyin cuta jure magani yake, ranar da cutar gaske ta kama ƙoda sai mu rasa na ba ta. Mafi muni, nakan ga dattijuwa ta yi wata shida tana shan maganin sanyi, ashe ciwon suga ne ke sa ta fitsarin, sai ido ya fara dushewa a kawo ta. Ku ji tsoron Allah, masu sayar da magani! Awon fitsari da na suga ba su da wuya. Idan ba a yi wa Hajiya ba, ku koma a yi.

Oxybutynin yana busar da baki, yana ƙulle ciki, yana kuma rage gumi, don haka ku kula da ita sosai a zafin Afrilu da Mayu. Kada ta ƙaurace wa ruwa don gudun fitsari. Shayi da lemon kwalba za ta rage, musamman bayan magariba. In kun ga ta fara ruɗewa ko mantuwa, ko fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya, ku dakatar ku koma wurin likitanta. Zai iya sauya mata da mirabegron, amma sai ya auna hawan jininta tukuna, domin mirabegron yakan ɗaga shi.