Amsa: yaron da ba ya gajiya da tambaya

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya ishe ki da tambayoyin da ba sa fitowa a jarrabawa, har da dalilin da ya sa gawo ke zubar da ganye da damina alhali sauran itatuwa na tohowa, kuma kina tsoron ɓata lokacinsa yake yi. Don Allah kada ki kwaɓe shi.

Wannan tambayar ta gawo, amsarta abinci ce a rumbu. Tunda yana kaɗe ganye lokacin ruwa, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki a gindinsa. Da rani sai ya yi kore shar, awaki su samu inuwa, su ci 'ya'yansa. Shi ya sa manomin da ya san haka ba ya ɗora masa gatari.

Dubi kuma abin da ya faru a yankin Maraɗi a 1983. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya tsaya ya duba 'yan tsirran da kowa ke sharewa lokacin sassabe, sai ya gane tohon kututture ne, saiwar na nan da ranta a ƙasa. Manoma suka fara barin rassa kaɗan suna datse sauran. Filayen da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5.

In ya tambayi abin da ya fi ƙarfinki, ki ce masa ku bincika tare, ko ki tura shi wurin kakansa. Ki kuma saya masa ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani.