Tambaya da Amsa: Shokar Gaban Babur Tana Yoyo, Ga Kuma Ƙara a Kan Hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur ƙirar Bajaj Boxer wanda nake zirga-zirga da shi tsakanin gari da gona. Kwanan nan na lura da mai yana tsattsafowa daga shokar gaba ta hagu, kuma duk lokacin da na faɗa rami sai in ji ƙara kamar ana buga ƙarfe. Wani bakanike ya ce sai dai in sayi sabuwar shoka gaba ɗaya. Shin akwai abin da zan iya dubawa ko gyarawa da kaina a gida? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar sayen sabuwa, domin abubuwa biyun da ka ambata, yoyo da ƙara, ba lallai ba ne su kasance daga wuri ɗaya, kuma sau da yawa ana jefar da shoka mai sauran rai saboda ba a tsaya an bambanta su ba.

Kowace ƙafar shokar gaba bututu biyu ne, ɗaya mai sheƙi yana shiga cikin ɗaya, a ciki kuma akwai sifirin da ke ɗaukar nauyi da mai da ke hana sifirin yin tsalle bayan ya matsu. A bakin bututun ƙasa akwai robar da ke tare ƙura, a ƙarƙashinta kuma akwai oyilsil, wato robar da ke riƙe mai. Ƙurar hunturu da yashin hanyar gona su ne manyan maƙiyan wannan roba, domin idan ƙwayar yashi ta maƙale a leɓenta, mai zai samu hanya ko da robar ba ta tsage ba. Saboda haka ka fara goge bututun da tsumma mai tsabta, ka ɗaga robar ƙura a hankali, sannan ka zura wata siririyar roba mai laushi, irin wadda ake yankowa daga gorar ruwa, tsakanin bututun da oyilsil, ka zagaya da ita sau ɗaya kana jawo dattin waje. Ka riƙe birkin gaba ka danna kan babur sau da yawa, ka sake gogewa. Idan zoben mai bai sake bayyana ba, ka huta da kashe kuɗi.

Idan ya dawo, ka bi bututun mai sheƙi da farcenka daga sama zuwa ƙasa. Duk inda farce ya sarƙe, to akwai tsatsa ko miki, kuma wannan miki zai yanke sabon oyilsil kamar yadda ya yanke tsohon. Ƙaramin tabo ana iya lallashinsa da samfefa mai laushi ƙwarai da ɗigon mai, amma bututun da ya lanƙwashe sakamakon faɗuwa, wanda za ka gane idan ka mirgina shi a kan gilashi ka ga yana ɗingishi, shawarata a sauya shi. Ban yarda da miƙe shi da guduma ba, domin ran mutum yana kan wannan ƙarfe.

Game da ƙarar kuwa, ka ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, sannan ka kama ƙafafun shokar daga ƙasa ka ja gaba ka tura baya. Idan ka ji motsi a wuyan babur, laifin na boris ɗin wuyan ne, wato ƙwallayen da kan babur ke juyawa a kansu, wanda ɗaure goro ko sauya ƙwallayen ke magancewa, shoka kuwa ba ruwanta. Idan babu motsi, amma babur yana nutsewa har ƙarshe da zarar ka taka birki, to man da ya zube ne ya bar ƙafar hagu ba ta da abin riƙewa.

Sauya oyilsil a gida yana yiwuwa ga mai haƙuri. Ka sassauta murfin saman ƙafar shokar tun tana ɗaure a jikin babur, domin bayan an cire ta sai ta riƙa juyawa a hannu, kuma ka danne murfin da tafin hannu lokacin kwancewa, saboda sifirin yana tura shi da ƙarfi. Ka zubar da tsohon mai, ka kwance kusar da ke ƙasan ƙafar, ka cire zoben waya da ke riƙe oyilsil, ka wanke komai da kananzir ya bushe. Sabon oyilsil yana shiga ne gefen rubutunsa yana kallon sama, kuma da guntun bututun roba ake buga shi a hankali, ba da sukurdireba ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne mai. Da yawa suna zuba man inji da ido, har wasu su zuba baƙin mai da aka juye daga wani babur. Akwai man shoka na musamman, kuma mai lamba 10W ya dace da yawancin ƙananan babura. Ka auna adadin da littafin babur ɗinka ya faɗa da sirinji ko kofin awo, ka zuba daidai wa daida a ƙafafu biyu, ka motsa bututun sama da ƙasa har kumfar iska ta daina fitowa. Idan mai ya yi yawa shoka za ta sandare ta matsa wa oyilsil, idan ya yi kaɗan za ta riƙa bugawa. Wannan ne ya sa ake gyara ƙafafun biyu tare ko da ɗaya ce ke yoyo.

Kafin ka hau, ka duba ko mai ya taɓa takalmin birki. Idan ya jiƙe shi, sauyawa ake yi, domin wankewa ba ta fitar da man da ya riga ya shige cikinsa.